Hoton Memuna Abdulai

Ranar Talata da hantsi, a ɗakin duba hotuna na wata cibiyar lafiyar mata a Yendi, Dokta Munawara ta buɗe fayil na goma sha ɗaya sai ta ci karo da sunan uwarta. Memuna Abdulai, mai sayar da doya, Gidan Rijiya Biyu, Salaga. Ta cire tabarau ta goge da gefen mayafi, ta mayar, sunan yana nan bai gusa ba. To, Memuna Abdulai shekararta bakwai ke nan a maƙabartar Salaga, kuma har ta koma ga Allah ko ƙofar ɗakin na'urar MRI ba ta taɓa gani ba.

Aikin Munawara ba mai wuyar faɗi ba ne, yinsa ne ke cin ido. Matan da aka samu da sankarar bakin mahaifa a ƙananan asibitocin arewa, ana tura su babban birni a ɗauke su hoto, hotunan su biyo waya su sauka a kwamfutarta. Na'urar tana nuna ƙugun mace yanka-yanka, kamar doyar da aka jera za a soya, kuma a kowane yanki sai an zana iyakar ƙarin. Masu gasa ƙari da na'ura a birni abin da ke cikin zanen kawai suke gasawa. Duk abin da aka bari a waje an bar shi ke nan ya ci gaba da cin mai shi. Da can likita ne ke zanawa da hannu, ya wuni bai gama mata uku ba. Yanzu akwai manhajar da aka yi ta nuna wa dubban hotunan da likitoci suka zana, har ta koyi gane ƙari da kanta. Cikin minti biyu za ta kewaye shi da jan layi, sannan Munawara ta bi yanki-yanki ta duba, ta gyara inda ya kauce, ta sa hannu.

Mai kula da manhajar shi ne Jamaldeen, injiniya ɗan Yendi, mutum mai fara'a wanda Hausarsa ta kasuwa ce, mace da namiji duk "kai" ne a bakinsa. Shi Munawara ta fara ƙwala wa kira.

"Jamal! Zo nan. Injin naka ya fara tono matattu ne?"

Ya leƙo, ya duba, ya danne-danne. "Dokta, ba kuskure ba. Daga Bawku ya zo. Sista Sumaya ne ya rubuta shi, kwana tara yau. Ga lamban waya ma. Kai ya san matan ne?"

"Je ka abinka," in ji ta.

Memuna ba ta ƙarewa a arewacin Ghana, Abdulai ma haka. Amma Gidan Rijiya Biyu ɗaya ne a Salaga, a ciki aka yanke wa Munawara cibiya, kuma ta san duk wata mace da ke kwana a cikinsa. Ta ɗauki wayar ofis ta buga lambar. Kafin ma a yi magana ta ji kasuwar doya a bayan layin, ƙarar motokin da ihun masu sauke kaya. Sai wata murya mai kauri, wadda ta saba ba da umarni, ta ce, "Salamu alaikum, wa ke nan?"

Munawara ta gane ta nan take. Ko a cikin mutum dubu ba za ta ɓata wannan murya ba.

"Ina neman Memuna Abdulai."

Muryar ta koma ƙasa-ƙasa. "Wace ce?"

Ƙa'idar aiki ita ce ta ambaci sunan cibiyar kawai. Ba ta bi ƙa'idar ba. Ta ce, tana jan kowace kalma, "Dokta Munawara Aruna ce, daga Yendi."

Ƙit, aka kashe wayar.

Hajiya Zuweira ce, magajiyar 'yan doya ta Salaga, kuma ita ce mai wankan gawar mata a unguwarsu. Wanda bai san abin da ke tsakaninta da Munawara ba, to ya saurara.

Shekara biyu Memuna ta yi tana zubar jini tana ɓoyewa. Ta sha sassaƙe, ta sha rubutu, ta cika ɗakinta da turaren wuta don kada a ji wari. Munawara tana kudu a makarantar likita, duk sanda ta kira sai uwar ta ce ai gajiyar hanya ce kawai. Ranar da ta zo hutu ta ɗaga labulen ɗakin, hancinta ya gaya mata komai, kuma ya gaya mata an makara. Wata huɗu bayan nan aka kira Hajiya Zuweira ta zo ta yi wanka.

Ko yaron goye a Salaga ya san dokar mai wanka: abin da ta gani a bayan labule, a bayan labule take barinsa. Don haka ma ake zaɓar dattijuwa mai nauyin baki. Amma Zuweira ta daɗe da cin alwashin Memuna, tun shekarar da 'yan doya suka so su naɗa Memuna magajiya a maimakonta. Da ta gama wankan ta fito tsakar gida, gaban masu zaman makoki, ta ɗaga murya ta ce a ƙaro mata sabulu. Ta tsuguna a bakin rijiya tana dirzar hannu har gwiwa, tana tofar da yawu. Kafin sadakar bakwai babu rumfar da ba ta san abin da ke ƙarƙashin zanen Memuna ba, har an raɗa masa suna: ciwon tasha. Wai ai Memuna ta shekara ashirin tana kai doya Bawku tana dawowa da albasa, tana kwana a tashar mota cikin direbobi, to me ake jira ta kwaso?

Munawara ta yi ta bayani har muryarta ta dushe. Ta ce ƙwayar cuta ce, mace tana iya zama a ɗakin mijinta duk rayuwarta mijin ya kawo mata har kan gado. Wa zai saurari yarinya mai takarda? Ubanta Aruna, wanda ya shekara talatin yana tuƙa lori, babbar motar kaya, wanda ke da ɗaki a kowane gari daga Kpandai zuwa iyakar Burkina, shi ne ya fi kowa jin kunya. Ya daina ambaton sunan matarsa, in dole ta kama sai ya ce "waccan". Ranar addu'ar arba'in aka dafa tuwo tukunya uku, matan kasuwa biyar suka zo, kwanukan da aka aika gidaje kuwa suka dawo a rufe kamar yadda suka tafi. Munawara ce ta kwashe tuwon ta zuba wa awaki. Tun daga ranar ba ta yafe ba, ba ta ma taɓa ƙoƙarin yafewa ba.

Yanzu ga shi Zuweira ciwo ya kama ta, ta tsallake asibitin garinsu, ta tsallake Yendi, ta tafi har Bawku inda ba a san fuskarta ba. Aka tambaye ta suna, duk sunayen duniya ba ta ga na ɗauka ba sai na matar da ta tozarta. A lissafinta ai Memuna ta riga ta ɗauki wannan kunya, ƙarin ɗaya ba zai yi mata nauyi ba.

Munawara ta jawo kujera ta zauna, ta buɗe hotunan. Idonta tar yake.

Manhajar ta yi zanenta, jan layi zagayayye mai kyan gani, ta kuma rubuta a gefe cewa ta tabbata da shi casa'in da huɗu cikin ɗari. Yanki na ɗaya zuwa na goma sha uku babu abin gyara. A na goma sha huɗu Munawara ta tsaya. Hoton ya ɗan yi dishi-dishi, alamar matar ta motsa a cikin na'urar. A gefen hagu, wajen jan layin, akwai wani siririn abu da ya miƙe daga jikin ƙarin, kamar tsiron doyar da ta daɗe a rumbu, ya nufi bututun da ke sauko da fitsari daga ƙoda. Yana nan a na goma sha biyar, yana nan a na goma sha shida. Manhajar ba ta gan shi ba. Likitocin birni kuwa mutum uku ne a kan mata ɗaruruwa, in suka ga sa hannun Munawara ba sa ƙara dubawa, don ba ta taɓa ba su kunya ba.

Ta jingina da kujera. Ba guba, ba wuƙa, ba ma ƙarya. Maɓalli ɗaya ne, kore, an rubuta masa amincewa. Za a gasa abin da ke cikin layin, Hajiya ta ji sauƙi, ta koma kan kujerarta a kasuwa tana godiya ga Allah. Wata shida, ko takwas, tsiron nan zai yi ƙarfi, ya toshe ƙodar, jinin ya dawo, warin ya dawo. Daga nan babu sauran zane. In wani ya tono maganar, to injin ne ya zana, casa'in da huɗu cikin ɗari.

Daɗi ta ji, kada a ɓoye. Irin daɗin da ba ta ji ba ranar da aka ba ta takardar likita. Ta tashi ta yi alwala ta yi azahar, kuma ko a sujada hoton nan ne a idonta. Ta dawo ta ɗora yatsa a kan maɓallin.

Sai ga Jamaldeen ya turo ƙofa da ƙafa, ƙunshin wake da shinkafa cikin ganye a hannu, yana ci yana magana.

"Dokta, albishir. Duk fayil da kai ya sa hannu wannan sati, Juma'a zan ba injin ya yi karatu da shi. Kai, wannan na gabanka ma ya yi kyau paa, sosai! Irin shi nake nema, mai dishi-dishi. Matan mu ba su kwanciya shiru cikin na'ura, suna tsoro, suna salati, jiki na motsi. Injin bai san irin wannan ba, hoton Turawa ya saba. Abin da kai ya nuna mashi a nan, shi zai haddace."

"Shi zai haddace," Munawara ta maimaita.

"Har abada. Ya ga irin shi gobe, haka zai zana."

"Wannan ɗaya ka cire shi daga karatun."

Ya daina tauna. "Don mi? Sai kai ya rubuta dalili, shugaba ya gani. Akwai matsala ne?"

"Babu. Rufe mini ƙofa."

Da ya fita ta kifa kai a kan tebur, takaici kamar ta fasa kwamfutar. Manhajar nan ba ta san Zuweira ba, ba ta san Memuna ba, abin da aka sa mata hannu shi ne gaskiya a wurinta. In aka ce mata wannan tsiro ba ciwo ba ne, to ta karɓa. Gobe wata mai kitso daga Gambaga za ta yi salati a cikin na'ura ta motsa, jibi wata mai koko daga Kpandai, manhajar ta tsallake nasu tsiron da tabbacin da ya fi na yau. Kuma wata rana Munawara za ta gaji, ko ta tafi hutu, wani ya danna kore. Wato ko kashe Zuweira ba zai yiwu ba sai an haɗa da 'ya'yan mutane. Matar nan ko a kwance tana da abin fakewa.

Ta ɗauki alƙalamin kwamfuta. Minti arba'in ta yi a kan yanki uku, tana bin gefen tsiron nan gashi-gashi, tana ƙara girman hoton har idonta ya yi ruwa. Tunda ta fara aiki ba ta taɓa zane mai kyan wannan ba. Kada wani ya ce tausayi ne ya sauko mata, ko tsoron Allah. Da haƙora a cije ta zana shi, tana zagin matar a zuci daga farkon layin har ƙarshensa. Ta sa hannu, ta tura.

Aka sa wa mai hoton ranar Alhamis ta sama ta koma Bawku ta karɓi sakamako. Ba aikin Munawara ba ne zuwa can, amma ta ce za ta bi motar cibiyar ta duba yadda ake cike takardu. So take ta ga fuskar Hajiya Zuweira a lokacin da za a kira sunan. Suka bar Yendi da asuba, hanyar ta kakkarya musu ƙugu, suka isa rana ta take.

Sista Sumaya, gajeriyar mace mai saurin magana, ita ma Hausarta irin ta Jamal ce, ta tarbe ta da ruwan sanyi. "Dokta, wannan matan ya dame ni. Wayan shi a kashe tun wancan Talata. Na kira, na kira, shiru koraa, ko motsi babu. Kuma birni sun ba shi Litinin na sama. In bai je ba sai bayan wata uku, layi ya yi yawa."

"Wata uku ba nata ba ne," in ji Munawara. "Ya take, matar?"

"Babba ne, da haƙorin Makka. Ya rufe fuska da mayafi, ya ce katin shaida ya ɓace. Na ce to sunanka? Ya tsaya tunani, kamar ya manta. Sannan ya faɗa. Da zai tafi ya juyo ya ce mini, 'Yar nan, in abin ya zo da ƙarar kwana, wannan sunan za ku rubuta ko?' Na ce i mana. Ya ce alhamdulillahi."

Munawara ta ajiye kofin ruwan a hankali don kada ta jefar da shi.

Ta zauna a bencin baranda har la'asar. Mata suka zo suka tafi, babu mai haƙorin Makka. Daga inda take tana hango bakin tasha, ana loda buhunan albasa a kan wata tsohuwar lori, mata 'yan kasuwa suna zaune a gindin kayansu suna gyangyaɗi, kowacce ta ɗaure kuɗinta a ƙugu ta rungume ƙullin tufafinta. Haka uwarta ta yi shekara ashirin, a kan buhu, don ita ta zama likita. Wannan shi ne kwanan tashar da aka yi ta yamaɗiɗi da shi.

A nan ta gane cewa ba sai ta yi komai ba. Ta gyara zane, ta sa hannu, ta zo har Bawku da ƙafarta. In Hajiya ta zaɓi ta kashe waya ta zauna, kunyarta ce za ta kashe ta, hannun kowa babu jini. Ta juya maganar a ranta, ta ga ba ta yi mata ba. Zuweira za ta mutu a ɗakinta cikin turare, a ce Hajiya ta yi 'yar jinya. Wata dattijuwa mai tsoron Allah za ta wanke ta, ta fito ta yi shiru. Kasuwa za ta rufe ranar jana'izarta, tuwon arba'in ɗinta ba zai ishi jama'a ba. A takarda kuwa, a Bawku da Yendi da birni, Memuna Abdulai ce za ta sake mutuwa da ciwon tasha karo na biyu. Ina! Mutuwa ta yi wa matar nan araha.

Ta ce wa direba, "Asabar za mu Salaga. Akwai majinyaciyar da za mu ɗauko."

Munawara ta san gidan Hajiya Zuweira sarai. Ta san ƙaramar ƙofar baya da ke gindin darbejiya, inda mutum zai shiga da sassafe ya faɗi magana a kunne ya fita ba wanda ya gan shi. Motar ta bi ta gaban ƙofar, direba har ya rage gudu don rami, ita kuwa ko kallonta ba ta yi ba. Ta sa aka ajiye motar a bakin tasha. Ta ciro farar rigar likita, wadda ko a ofis ba ta cika sawa ba, ta ɗora a kan atamfarta, ta yafa babban mayafinta a kafaɗa, ta nufi rumfar doya a daidai lokacin da kasuwa ta cika ta batse.

Rumfar doguwa ce, doya tsibi-tsibi hagu da dama, irin da ake kira pona a nan, laribako a can, kowace mace a gindin nata. Mma Fuseina ce ta fara ganinta, ƙawar uwarta ta ƙuruciya, wadda ita ma ba ta taka gidansu ba ranar arba'in.

"La ilaha! Munawarar Memuna ce? Dokta da kanta! Maraba, maraba, 'yata."

Gaisuwa ta tashi ta ko'ina. Munawara ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi gida, ta tambayi ciniki, ba ta tsallake kowa ba, don tana so kowa ya juyo. A can ƙarshen rumfar Hajiya Zuweira tana kan kujerarta ta magajiya. Ta zube, wuyan rigarta ya yi mata yawa. A gefen ƙafarta akwai ɗan kaskon turaren wuta yana hayaƙi. Turare a rumfar doya! Ƙamshin ya daki hancin Munawara, irin na ɗakin uwarta ne sak.

Ta russuna kamar yadda aka koya mata. "Hajiya, kun tashi lafiya? Ya kasuwa?"

"Lafiya lau," in ji Zuweira. Leɓenta kawai ya motsa.

Munawara ta miƙe, ta koma tsakiyar rumfar, ta zaro takarda daga aljihun farar rigar. Ta ɗaga murya irin ta masu kiran layi a asibiti.

"Memuna Abdulai!"

Hayaniyar ta mutu. Wata mai ƙirga doya ta tsaya da guda a hannu. Mma Fuseina ta matso ta kama mata hannun riga. "Subhanallahi. 'Yar nan, lafiyarki? Uwarki fa kike kira."

"Na san inda uwata take, Mma, a gabana aka ɗauke ta zuwa maƙabarta. Wannan wata ce. Ta je Bawku an duba ta, ta ce sunanta Memuna Abdulai, 'yar doya, Gidan Rijiya Biyu. Sakamakonta ya fito, wayarta a kashe, shi ne na biyo adireshi." Ta juya ta dubi rumfar daga wannan ƙarshe zuwa wancan. "Ciwon da kuka sa wa suna ne a kasuwar nan, ba sai na tuna muku ba. Ni da idona na ga inda ya kai, ni na zana masa iyaka. Yau yana gasuwa. Mota tana bakin tasha, za ta tashi bayan azahar, jibi Litinin a fara magani a birni. In mai sunan ta shiga, ina sa ran za ta aurar da jikokinta. In ba ta shiga ba, kafin sabuwar doya ta fito za ku nemo mai wanka."

Mata suka shiga kallon juna. Kowacce tana auna ta kusa da ita, wa ta rame, wa ta yi tafiya kwanan nan, wa ta daina zama kusa da mutane.

"Memuna Abdulai!"

"Munawara." Muryar Zuweira ce, ƙasa-ƙasa. "Zo nan, 'yata. Rana ta yi zafi, kin sha hanya. Mu je gida ki sha ruwa, mu yi magana ni da ke."

Idonta yana roƙo, duk wanda ke kusa ya gani. Shekara bakwai Munawara tana jiran ganin wannan ido, kuma da ta gan shi bai ba ta tausayi ba ko kaɗan.

"Na gode, Hajiya, amma ba da ku nake ba. Ku ai Hajiya Zuweira ce, kowa ya sani. Memuna nake kira." Ta dubi agogon hannunta. "A asibiti sau uku muke kira. In ba a amsa ba sai mu ba wata gurbin, masu jira suna da yawa."

Wani mai motokin, babur ɗin kaya mai ƙafa uku, ya kashe injinsa a bakin rumfar don ya ji. Hayaƙin turaren yana tashi siriri. Zuweira ta dubi kaskon, ta dubi tsibin doyarta, ta dubi matan da ta shekara ashirin da biyar tana yi musu hukunci a kan wannan kujera. Tana da jika da ake sa ran haihuwarsa watan gobe.

Munawara ta fara ninke takardar, sannan ta ja numfashi.

"Memuna Abdulai!"

"Na'am."

Ba da ƙarfi aka faɗa ba, amma har bakin rumfa an ji. Mma Fuseina ta saki rigar Munawara ta ɗora hannu a ka. Wata ta ce innalillahi. Wadda ke zaune dab da kujerar magajiya ta ja tabarmarta baya, a hankali, wai don kada a lura.

Hajiya Zuweira ta dafa gwiwa ta miƙe, sai da ta yi yunƙuri biyu. Ba wadda ta kama ta. Daga kujerarta zuwa bakin rumfa taku hamsin ne ko fiye, tsakanin layi biyu na idanu, daga nan kuma sai a ratsa 'yan hatsi da 'yan awaki kafin a kai tasha. Da ta juya za ta ɗauki jakarta, Munawara ta ga bayan zanenta. Jini ne, faɗin tafin hannu biyu, ya rine farin leshin ya fara gangarowa. Ita ta fara gani, don ita ta san inda za ta duba, saura kuwa daƙiƙa kaɗan kowa ya gani.

Mayafin Munawara babba ne, zai zagaye ƙugun Hajiya har ya yi saura. Ta kai hannu ta kama gefensa. Ta gyara masa zama a kafaɗarta, ta shige gaba, ta soma tafiya a hankali, tana tsayawa tana yi wa kowace rumfa sallama.